Folianilin yana ɓarewa daga jikin ƙarfe, ina mafita?

Salam jama'a, don Allah masana sinadarai ku agaza min, abin nan ya ishe ni wallahi. Ina gwajin kare ƙarfe daga tsatsa da folianilin, robar nan mai ɗaukar lantarki, na gauraya shi da efoksi (wani irin gam mai ƙarfi) na shafa, da farko kore shar abinsa amma da na jiƙa a ruwan gishiri 3.5% sai ya fara komawa shuɗi, gefe-gefe duk ya kumbura yana ɓarewa tsatsa na bi ta ƙasa. Na san shuɗin nan alamar asid ɗin da na sa a folianilin ɗin ya fice ne, HCl (asid ɗin haidurokulorik) na yi amfani da shi, gashi kuloraid ɗin da ke cikinsa shi kansa yana cin ƙarfe. In canja zuwa asid mai manyan ƙwayoyi ne, ko dai gogar ƙarfen ce ban yi da kyau ba?