Me za mu kira "process" da Hausa? Fankar laftof ɗin Yaya ce ta jawo tambayar

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu gyaran kwamfuta da malaman harshe ku matso kusa, akwai kalmar da ta hana ni sakat tun shekaranjiya.

Yayana ne ya kira ni da daddare, wai laftof ɗinsa fanka sai kuka take kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafi har ba ya iya ɗora ta a cinya, batirin da ke kai shi awa uku yanzu ko ɗaya ba ya cikawa, alhali ba abin da ya buɗe sai takardar da yake rubutu a ciki. Na ce ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager ya fito, wato tagar da ke nuna duk abin da ke aiki a kwamfutar, ya shiga shafin Details ya taɓa kan layin CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, don wanda ya fi cin ƙarfinta ya hau sama. Ya karanto min harafi harafi, wlanext.exe, kashi 25, ba ya sauka ba ya hawa. Sai na ce to Yaya kashe wannan furoses ɗin mu gani. Ya yi shiru, can ya ce in kashe furosesa kuma, ba ita ce kwamfutar gaba ɗaya ba?

Kuma wallahi gaskiya gare shi. A bakinmu furoses da furosesa harafi ɗaya ne ya raba su, alhali ɗaya ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, ɗayan kuma ɗan abin da ke hawa kanta yana aiki. Ita furosesa ba ni da damuwa da ita, kowa na cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta kuma ana ganewa. Process ɗin ne nake nema wa suna.

Bari in faɗi abin da yake, don kar mu raɗa wa abin da ba mu sani ba suna. Manhaja tana kwance ne a cikin faifai, ba ta cin komai sai wuri. Da zarar an tashe ta, Windows ya ba ta lamba tata da gurbi a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta abin da ake aiki da shi, da rabon lokaci a ƙwaƙwalwa, to wannan tasasshen shi ne process. Kamar babur ne a jingine a zaure da babur an tayar yana shan mai. Manhaja ɗaya ma tana iya haifar da su da yawa, ku buɗe Chrome ku leƙa Task Manager za ku ga sunan ya jeru sau goma ko fiye. Kuma yawancinsu ba kai ka tashe su ba, ba su da taga, ba ka ganinsu, irin wannan na Yaya kenan.

To, ga shawarwarin da jama'a suka kawo bayan na yi tambayar. Malam, na ga ka kawo "tsari", kuma na san haka ake fassara kalmar in ana maganar zaɓe ko neman biza. Amma a nan ba ta zauna ba. Tsari ba ya cin batir, ba a kashe tsari a sake tayar da shi, in na ce wa Yaya tsari ya cinye kashi 25 sai ya ɗauka saitin na'urar nake nufi ya shiga Settings yana lalube.

Wanda ya ce a bar shi "aiki" kawai, ya fi kusa, sai dai aiki ta riga ta ɗauki kaya da yawa. Aikin ba ya aiki, kashe aikin don ka samu ka yi aikinka, kun ji yadda zance ke cuɗewa. Hajiya kuma ta kawo "aikatau", ginin kalmar ya burge ni ƙwarai don yana nuna mai yi ne ba abin yi ba, amma duk Bahaushen da ya ji aikatau 'yan matan da ake kawowa daga ƙauye aikin gida yake tunawa, kuma ni raina bai kwanta ba a ce ana koya wa yara su ce kashe aikatau ɗin nan. "Ɗan aike" ma an kawo, shi kuma ɗan aike zuwa yake ya dawo, wannan kuwa tun da aka kunna kwamfuta yana nan har a kashe ta.

Daga maganar Hajiya ne dai na samu tawa shawarar: gudanau. Daga gudana, a kan ginin mantau da jimrau, wato abin da halinsa ne ya yi ta gudana. Muna cewa taro yana gudana, bincike na gudana, ana gudanar da aiki, kenan kunne ya riga ya saba jin kalmar a kan abin da aka fara bai ƙare ba kuma ana iya dakatar da shi. Ɗan'uwa da ka ce tana maka kama da gudawa, na ji ka, amma ai ba wanda ya taɓa jin hukumar gudanarwa ya yi wannan tunanin, a cikin jimla take warwarewa.

Kalma dai sai an ɗora mata kaya ake sanin ƙarfinta, don haka ga yadda muka ƙarasa da Yaya, da ita zan ba da labarin ku ji ko tana tafiya.

Wannan gudanau na wlanext.exe na Windows ne, ba ƙwayar cuta ba, tun zamanin Windows Vista yake. Aikinsa shi ne ɗaukar ƙarin kayan da kamfanin da ya ƙera katin waifai ya haɗo da direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya iya sarrafa katin, shi ya sa in ya rikice galibi ba shi ne mai laifin ba, kayan da aka ɗora masa ne. Duk da haka na sa Yaya ya danna dama a kan sunan ya buɗe inda fayil ɗin yake, ya ce System32 a cikin Windows, hankalina ya kwanta, don miyagun manhajoji kan ari sunan na gaskiya su ɓuya a wani wuri daban. Kashi 25 ɗin da ya tsaya cak shi ma magana ce, ƙwaƙwalwar tasa gida huɗu ce, kenan gudanau ɗin ya mamaye gida ɗaya ɗungurungum yana ta juyi wuri guda. Na ce ya kunna yanayin jirgin sama, nan take lambar ta faɗo, fanka ta lafa, ya kashe yanayin jirgin ya koma kan hosfot ɗin wayarsa, bayan 'yan mintuna ta sake hawa. To mun san inda ciwon yake. Muka shiga services.msc muka sake tayar da WLAN AutoConfig mai kula da waifai a Windows, ya yi sauƙi na ɗan lokaci ya dawo. Muka sa laftof ɗin ta manta tsofaffin waifai na otal da na ofis da ta tara, bai canja komai ba. Sai Device Manager, inda ake jera kayan cikin na'urar, ƙarƙashin Network adapters, ya duba kwanan watan direban katin, ashe tsoho ne tun na mai ita na farko, don ta hannu ya saya. Na ce kar ya cire tsohon sai ya fara sauko da sabo daga shafin kamfanin laftof ɗin ya ajiye, in ba haka ba zai wayi gari ba waifai ba hanyar saukowa. Ya sa sabon, ya sake kunna ta.

Saura jam'i, an tambaya. Ni a ganina a bar shi yadda yake a sa adadi ya yi aikin, gudanau ɗaya, gudanau ɗari, gudanau ɗin da ke bayan fage. "Gudanawa" da wani ya kawo zai yi karo da gudanarwa, kuma yana kama da sunan kabila.

Malam ya dawo ya ce ya janye tsari, Hajiya ma ta ce ta yarda, masu gyara biyu sun ce za su gwada ta a kan kwastomomi a shago. Ni kam daga yau gudanau zan riƙa rubutawa. Yaya ya turo saƙo ɗazu bayan la'asar, ya ce ya leƙa, gudanau ɗin waifai yana kan sifili, laftof ɗin na kan cinyarsa yana ƙarasa rubutunsa.