Ƙ, ɗ da ɓ suna ɓacewa a littafin hotuna na yara idan an fitar da PDF

Assalamu alaikum. Ina tsara littafin yara mai hotuna, shafi 32, kan rayuwar G. P. Bargery, Baturen da ya tattara ƙamusun Hausa da Turanci na 1934. Labarin ya zauna lafiya a salon rubutun Andika, wanda yake da haruffa masu lanƙwasa duka. Inda na maƙale shi ne kalmomin da aka warwatsa cikin zane, suna fitowa daga bakin ’yan kasuwa. Su ina so su yi kama da rubutun hannu.

Salo uku na gwada a InDesign, manhajar tsara shafukan littafi. A kowanne, da na fitar da PDF sai ƙ, ɗ da ɓ su koma akwati fanko. A Word kuwa wani salo daban ne ke cike gurbin, harafi ɗaya ya fi sauran kauri.

Na mayar da kalmomin suka zama zane, na ɗora lanƙwasar da hannu, amma kalma 60 ne, kuma a gwajin bugu lanƙwasar ƙ ta siririce har “ƙafa” ta zama “kafa”, “baƙi” ya zama “baki”. A littafin da ke koya wa yaro son kalma, wannan ba zai yiwu ba. Rubuta k’ ma ban yarda ba, ba haka ake koyarwa a firamare ba.

Don Allah, wane salon rubutu ne mai kama da na hannu yake da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu Ƙ, Ɗ, Ɓ, kuma lasisinsa ya yarda a buga littafin sayarwa? Na gode.