Tambayoyin da nas ke yi wa Inna kafin ƙarin ruwan magani

Ɗan Jega: Assalamu alaikum. Innarmu na karɓar maganin sankarar mama a Birnin Kebbi. Kafin a ɗaura mata ruwan magani, nas kan zauna da takarda tana tambaya: kina samun barci? Kina iya ɗaukar kaya mai nauyi? Jinyar ta jefa ki matsin kuɗi? Inna sai "Alhamdulillahi" kawai, alhali tuwon dare ko loma uku ba ta yi. Me ake yi da amsoshin nan?

Nas a Argungu: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Da alama takardar tambayoyin nan ce da ake kira EORTC QLQ-C30, wadda wata ƙungiyar binciken sankara ta Turai ta fitar a 1993. Tambaya 30 ce, galibi kan makon da ya wuce, biyun ƙarshe kuma majinyaci ke ba lafiyarsa da jin daɗin rayuwarsa maki daga 1 zuwa 7. Gwajin jini ba ya nuna tashin zuciya ko kasala, sai mai jiki ya faɗa. In ta faɗa, likita na iya sauya mata maganin amai ko na raɗaɗi. Godiyar Allah ba ta hana a ce "ban ci abinci ba".

Maman Yara: Malam, kunyarka ma na ciki. Wace uwa za ta yi zancen bayan gida gaban ɗanta? Ka fita waje, ka bar ta da nas ko ƙanwarta. Kuma don Allah kar ka riƙa amsa mata.

Ɗan Jega: Amin, na gode. Ranar Talata da gwaggona za su shiga.