Na gama wanka amma faɗuwar gaba ta ƙi barina

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Yau sati bakwai da haihuwata, ta fari ce, tiyata aka yi mini bayan kwana biyu ina naƙuda, kuma dama tun cikin yana wata shida surukata ke cewa a gida zan haihu, mamana ta ce sam, har ranar suna da ƙyar suka gaisa, to a gidanmu dai na yi wanka, bayan arba'in na dawo ɗakina. Tun da na dawo barci ya ƙaurace mini. Ko yarinyar ta yi barci sai in ta tashi ina kara yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi, sau goma ko fiye a dare guda. Gabana na faɗuwa, zuciyata na dukan uku-uku, ina riƙe da ita sai in ga kamar za ta suɓuce. Mai kemis ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi na barci. Ban gaya wa kowa ba.

Anti Ungozoma: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mene ne sunan ƙwayar, kuma kwana nawa kina sha? In diazepam ce, tana bi ta nono ta sa jariri kasala da ƙin kama mama, jikinki kuma ya saba da ita. In kin fi sati biyu kina sha kullum, kar ki yanke lokaci guda, likita ne zai rage miki sannu a hankali. Kuma daren da kika sha kar ki kwanta gado ɗaya da yarinyar. Kukan nan da ƙuncin da ke zuwa wa mai jego a kwana na 3 zuwa na 5 yana wucewa cikin sati biyu. Naki yana nan har sati na bakwai da haihuwa, ya zama ciwon fargaba, kuma yana da magani. Amma kafin a kai ga nan a auna hawan jini, a duba yawan jininki, a yi gwajin tayirod, wato wani sashen jiki da ke gaban maƙogwaro, domin yakan rikice a watannin farko bayan haihuwa ya kawo bugun zuciya da rashin barci.

Ummu Sadiq: A ƙara da hoton zuciya. Ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a ƙasar Hausa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi da kunun kanwa da ruwan zafi mai yawa. Ƙafafunki na kumbura? Kina haki in kin kwanta rigingine? In eh, yau za ki asibiti.

Maman Ilham: Babu kumburi. Kunu kam na sha, ai kowa sha yake yi. Ƙwayar kuma ba kullum ba ne.

Anti Ungozoma: Har yanzu ba ki faɗi sunanta ba. A asibiti ki ce a cika miki takardar Edinburgh, wadda ake auna ciwon damuwar mai jego da ita, tambaya 10 ce, jimlar maki 30, daga 13 zuwa sama ana tura mutum wajen likitan ƙwaƙwalwa. In aka ga sai da magani, sertraline ake yawan bai wa mai shayarwa, don kaɗan ne ke shiga nono. Ana farawa da miligiram 25 ko 50, satin farko fargabar na iya ƙaruwa, amfaninsa kuma sai an kai sati 4 zuwa 6. A nan mata ke yin kuskure, su sha kwana biyar su jefar.

Malama Zee: Anti, ni ban ga dalilin fara maganar ƙwaya ba. Zama da mai ilimin halayyar ɗan Adam, sau ɗaya a sati, zama 8 zuwa 12, ya ishi mata da yawa. Dubawar nan ita ke ciyar da tsoron: duk sanda kika kara yatsa hankalinki ya kwanta na minti biyar, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka dubawar ce ta ceci yarinyar. Ki ƙirga sau nawa kike yi, ki riƙa rage biyu duk bayan kwana uku. Gaba ya faɗi, ki ja numfashi kina ƙirga 4, ki sake kina ƙirga 6, na minti biyar. A bar goro da Nescafe daga azahar. Sannan a samu mai karɓar yarinyar ki yi barcin awa 4 a jere.

Hajiya Babba: Wa zai karɓa? Mazan yanzu da yaro ya yi kuka sai su ɗauki filo su koma falo. 'Yan barka ma jariri suke leƙawa, ba mai tambayar uwa ya ranki. 'Yata ki riƙe azkar, amma ki je asibitin.

Anti Ungozoma: Malama, wadda ba ta runtsa ba wane darasi za ta ɗauka? Ƙanwata, ganin kamar yarinyar za ta faɗi, in yana ba ki tsoro, fargaba ce, ba ya nufin za ki cutar da ita. Amma in kika fara jin muryoyi, ko ganin abin da babu, ko tunanin kashe kanki, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a kai ki. Wane gari kike? Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato.

Maman Ilham: Na gode Anti, amma ni ba taɓin hankali gare ni ba. In surukata ta ji na je irin wannan wuri na shiga uku. Kuma ba zan iya ba wa kowa ita da dare ba, ƙanwar mijina barcinta nauyi ne da shi. Babu wani abu da zan iya yi a gida kawai?

Anti Ungozoma: Ki turo hoton kwalin ƙwayar tukuna.