Neman shawara: wani yaro ya tambaye ni ko Allah yana da 'yan gata

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni malamar makarantar Lahadi ce, ajin 'yan shekara 12 zuwa 15. Lahadin da ta wuce muna kan 1 Sama'ila sura 15, inda Allah ya ƙi sarki Saul saboda ya bar Agag sarkin Amalekawa da rai, ya kuma ware tumaki da shanu masu ƙiba. Sai wani yaro marar yawan magana, da ke zaune can baya kusa da taga, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, Dawuda fa ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe shi, amma aka bar masa sarauta. Saul kuwa a kan tumaki aka tsige shi. Allah yana da 'yan gata ne?" Bakina ya mutu, na ce masa sai mako mai zuwa. Abin da ya fi damuna shi ne na san gidansu, kullum da wansa ake gwada shi. Don Allah me zan faɗa masa?

Wani dattijon ikilisiya: 'Yata, ba tumaki ne tushen maganar ba. Koma sura 13. A Gilgal an ce Saul ya jira annabi Sama'ila kwana 7, da ya ga sojoji suna watsewa sai ya miƙa hadaya da kansa. A sura 15 kuma, kafin Sama'ila ya iso, har ya kafa wa kansa al'amudin tunawa a Karmel. Da aka ritsa shi, ya ɗora wa jama'a laifin, sa'an nan ya roƙi a girmama shi a gaban dattawa. Mutuncinsa a idon mutane ne ya dame shi. Dawuda kuwa, da annabi Natan ya ce masa kai ne mutumin, bai kawo hujja ko ɗaya ba, ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. Ku karanta Zabura 51, addu'ar tubansa, a ajin.

Wata uwa daga zumuntar mata: Malama, yaron nan ba Saul yake tambaya ba, kansa yake tambaya. Kada ki amsa masa a gaban yara. Ki same shi shi kaɗai, ki nuna masa sura 16: Yesse, mahaifin Dawuda, ya jera 'ya'yansa 7 a gaban Sama'ila a Baitalami, ya bar Dawuda a wurin kiwo, ko kiransa bai yi ba sai da annabi ya tambaya. Wanda gida ya manta da shi aka zuba wa man naɗin sarauta. Ki kuma gaya masa Dawuda bai sha da daɗi ba. Jaririn da matar Uriya ta haifa masa ya mutu, ɗansa Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon, daga baya ya kori ubansa daga Urushalima.

Wani ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki: Baba, a gafarce ni, ina da ƙari. Saul ma ya ce "na yi zunubi" har sau biyu a sura 15. Kuma a 2 Sama'ila 7:15 Allah ya yi wa gidan Dawuda alkawarin ba zai janye ƙaunarsa ba kamar yadda ya janye daga Saul, tun kafin zancen Uriya. Wannan alheri ne, ba lada ba, kuma ni kaina har yau yana yi mini nauyi. Ko Sama'ila ya kwana yana kuka ga Ubangiji saboda Saul. Malama, in wani ɓangare ya fi ƙarfinki, ki faɗa wa yaron haka, zai fi yarda da ke.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Mama, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Asabar da yamma yakan zo share majami'a, zan je da wuri in same shi.