Katin zaɓen Hajiyarmu ya ɓata, takardar NIN za ta wadatar?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum jama'a. Katin zaɓen Hajiyarmu ya yi ɓatan dabo tun da muka tashi daga Gangare muka koma Rikkos, duk a cikin Jos, bayan ƙaramar Sallah. Mun zazzage akwatuna, har cikin kwallayenta mun leƙa, shiru. Ita kuwa tun zaɓen Shagari na 1979 ba ta taɓa fashin jefa ƙuri'a ba, kullum sai ta yi mini mita. Tana da takardar NIN, hoton katin kuma yana wayata. Tunda BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, fuska da yatsa take dubawa, ba sai ta je da waɗannan ba?

Malam Na Dilimi: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka wahalar da tsohuwa a layi. Dokar Zaɓe ta 2022 cewa ta yi mai zaɓe ya miƙa katinsa ga jami'in rumfa, sannan a tantance shi da na'ura. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ni wakilin jam'iyya ne, a gabana aka mayar da wani da ya zo da fasfo. Ka kai ta ofishin INEC na Jos ta Arewa lokacin da ake rajista, a nemi madadin katin. Dokar ta ce aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma da ƙafarta za ta je. Kada wani ya ruɗe ku ku sake sabuwar rajista, laifi ne.

Maman Hanifa: Hoton nan na wayarka zai yi amfani, lambar VIN, wato lambar rajistarta ta zaɓe, tana jiki. Ku haɗa da neman sauyin rumfa, in ba haka ba Gangare za ta riƙa komawa. Sannan ka roƙi Hajiya ta haƙura da lalle in zaɓe ya matso. A 2015 sau huɗu kad rida, na'urar tantancewa ta wancan lokacin, ta ƙi yatsana, sai fom aka cika mini. Ko da yake ba mu kaɗai ba, ai har Jonathan ta ƙi a Otuoke. Yanzu dai in yatsa ya ƙi, sai a ɗauki fuska.

Ɗan Gangare: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Maman Hanifa, batun lallen nan fa sai dai ke ki zo ki faɗa mata, ni ba zan iya ba. Ranar Litinin in sha Allahu zan ɗauko mata Keke Napep.