"Out of the blue": daidai yake da kwatsam?

Ɗalibar Zariya: Malamai, a taimaka. Na ga an rubuta "he showed up out of the blue". Me ya haɗa zuwan mutum da shuɗi?

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Shuɗin nan sararin sama ne lokacin da ya yi garau. Cikakkiyar maganar ita ce "a bolt out of the blue", wato aradu ta faɗo alhali babu hadari. Marubucin Birtaniya Thomas Carlyle ya yi amfani da ita a littafinsa kan juyin juya halin Faransa a 1837. Abin yana faruwa da gaske: aradu kan fito daga gefen hadarin da ke nesa, ta faɗi inda ake rana. A Hausa, kwatsam.

Hajiya Mai Alli: Malam, a gafarce ni, kwatsam bai cika ma'anar ba. Kwatsam saurin aukuwa yake nunawa. Tayar motar da ta suɗe har zare ya fito, in ta fashe a hanya, kwatsam ta fashe, amma Bature ba zai ce "out of the blue" ba, don alama ta daɗe da bayyana. Sharaɗinsa rashin alama. "Ba zato ba tsammani" ya fi kusa, ko "kamar an jefo shi daga sama" in mutum ne.

Ɗan Maraɗi: To "tsuntsu daga sama gasasshe" fa, Hajiya?

Hajiya Mai Alli: Wannan na alheri ne kaɗai, ɗana. Na Turancin yana ɗaukar kyauta, yana ɗaukar takardar kora.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Na karɓi gyara. Ga inda ɗalibai ke tuntuɓe. Wasu sukan ƙara "s" su ce "out of the blues", kuskuren da ya yawaita a Turancin Najeriya, alhali "the blues" baƙin ciki ne ko wani salon kiɗan baƙaƙen Amurka. Wasu kuma su yar da "the". Gurbin "out of the blue" galibi farkon jimla ne ko ƙarshenta. Shi kuwa "a bolt from the blue" suna ne, galibi labari mai girgiza mutum, ana cewa "it came as a bolt from the blue". Kada ki haɗa shi da "once in a blue moon", wanda ke nufin jefi-jefi, shekara da shekaru.

Ɗalibar Zariya: Ke nan baƙon da ya bugo waya jiya bai shiga ciki ba?

Hajiya Mai Alli: Bai shiga ba, ko da tsakar dare ya ƙwanƙwasa ƙofa.